Ina Za a Kai Hoto Wanki? Kwatanci a Kan Inganci, Farashi da Sauƙin Samu

A ɗakin mahaifiyata akwai hotuna biyu da ke rataye a bango guda, tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba. Na farko an ɗauke shi ne ranar sunan babban yayanmu, shekaru arba'in da suka wuce, kuma har yau ana iya bambance zanen atamfar da ke jikin kowace mace a cikinsa, ko da yake ya ɗan yi ja-ja kamar yadda hotunan wancan zamani suke yi. Na biyun na bikin ƙanwata ne, bai cika shekara shida ba, amma fuskar amarya ta koma ruwan ɗorawa, shuɗin leshin ƙawayenta ya koɗe, baƙin lallen da ke hannunta ya juye ya zama kore-kore. Taga ɗaya ce ke kawo musu rana, ƙura ɗaya ce ke sauka a kansu. Wanda ya ɗauki hoton bikin ya san aikinsa, domin na ga ainihin hotunan a kwamfuta, babu abin da ya same su. Wurin wanki ne ya jawo wannan asara, kuma ni ne na kai su can, wani shago da ke bakin titinmu, saboda ya fi kusa kuma ya fi araha. Tambaya biyu kawai na yi wa mai shagon: nawa ne ɗaya, kuma yaushe zan dawo.

Tun daga lokacin da mahaifiyata ta nuna mini abin da ya faru da hoton na sa kaina bin diddigin wannan sana'a, kuma abin da na fara ganowa shi ne, kalmar "wankin hoto" guda ce a bakinmu, amma aƙalla ayyuka huɗu daban-daban ne ke fakewa a ƙarƙashinta. Allon da ke ƙofar shago ba ya bambanta su, farashi ma ba kullum yake bambanta su ba. Injin da ke bayan labule ne yake bambanta su, don haka wanda zai ba da kuɗinsa ya kamata ya san wane inji ne zai fitar masa da hoton.

Mafi daɗewa shi ne wanda ya ba sana'ar sunanta, wato wankin sinadari. Takardar wannan wanki ba a shafa mata tawada ko kaɗan. Tana zuwa ne daga kamfani a naɗe cikin duhu, an lulluɓe ta da shimfiɗu masu ɗauke da gishirin azurfa da ke jin haske. Injin yana haska mata hoton da hasken leza mai launi uku, ja da kore da shuɗi, sannan ya bi da ita ta cikin tankunan sinadari, ɗaya ya fito da launin, ɗaya ya cire azurfar ya tsayar da hoton, na ƙarshe ya ɗauraye, kafin ta fito a bushe. Masu sana'a suna kiran wannan tsari RA-4, kuma injinan da suka fi shahara da shi na kamfanoni biyu ne na ƙasar Japan: Noritsu, wanda ya fara ƙera ƙananan injinan wankin gaggawa tun shekarun 1970, da Fujifilm, wanda ya fito da injinsa na Frontier a 1996. Da yake launin yana cikin jikin takardar ne, ba a samanta ba, hoton ba ya da ɗige-ɗige ko an kusanto da shi ga ido, fatar fuska tana fitowa sumul, kuma ɗigon ruwa ba ya wanke shi. Idan aka juya bayansa, galibi za a ga sunan kamfanin takardar a jere, kamar Fujicolor Crystal Archive, kuma wannan ita ce shaida mafi sauƙi da mai saye zai iya dubawa da kansa.

Sai dai wankin sinadari yana da wani sharaɗi da yawancin mutane ba su sani ba, kuma a kansa ne nake ganin ya kamata a tsaya. Sinadarin yana buƙatar zafi tsayayye, kusan digiri 35 ko sama da haka gwargwadon irin injin, kuma yana buƙatar aiki. Duk takardar da ta wuce, injin yana ƙara sabon sinadari kaɗan ya fitar da tsoho kaɗan, ta haka ƙarfinsa yake zama daidai. Shagon da ke wanke ɗaruruwan hotuna kullum sinadarinsa yana sabuntuwa da kansa, amma shagon da injinsa ke kwana uku bai motsa ba, sinadarinsa yana shan iska ya lalace a cikin tanki, sai a ga farin kaftani ya fito da dauɗa-dauɗa, baƙi kuma ya ƙi yin baƙi sosai. Saboda haka a wannan fanni cunkoso alamar alheri ce. Idan mutum ya shiga wurin wanki ya tarar da masu ɗaukar hoton biki sun yi layi da jakunkunansu, kowa yana jiran nasa, to ya samu wurin da ya dace. Na taɓa zama da sassafe a irin wannan wuri, na ga dattijon da ke kula da injin ya fitar da wata siririyar takarda mai jerin murabba'ai daga fari zuwa baƙi, ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya auna, kafin ya karɓi aikin kowa. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, in ban ga wannan ta fito daidai ba, hoton kowa ba zai shiga ba." Irin waɗannan wurare sun yi ƙaranci tun bayan da fim ya kau, har Kodak da kansa ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2012, don haka a yau sai a manyan birane ake samunsu, kuma a cikin birni ma ba kowace unguwa ba.

Na biyu shi ne firinta mai fesa tawada, kuma ita ce ta cika ƙananan shagunan unguwa, domin jarinta kaɗan ne kuma ƙaramin janareta yana ɗaukarta. Wadda aka fi gani ita ce ta Epson mai tankunan tawada shida a gefe, irin su L805 da babbar yayarta L1800. A nan ne ake samun mafi kyau da mafi muni a ƙarƙashin suna ɗaya, kuma dalilin yana cikin kwalbar tawada. Akwai tawadar rini, wadda launinta narkakke ne a ruwa. Tana da haske, tana da ɗaukar ido a ranar farko, amma rana da iska suna cin ta. Akwai kuma tawadar figment, wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne da ba sa narkewa. Tana da tsada, injinanta ma daban ne, irin su SureColor na Epson da imagePROGRAF PRO na Canon, kuma a gwaje-gwajen daɗewa da cibiyar Henry Wilhelm ta Amurka ta shahara da su, irin wannan tawada a kan takarda mai kyau tana wuce wankin sinadari ma daɗewa. Ƙananan firintocin da ke shagunanmu na tawadar rini ne. Da a ce tawadar kamfanin ake zuba musu, a kan takardar da aka yi dominta, da hoton zai yi shekaru masu dama a cikin albam. Abin da ke faruwa shi ne, idan ta asalin ta ƙare, sai a sayo wata a manyan kwalabe marasa suna, a haɗa ta da takarda mafi araha a kasuwa, kuma wannan haɗi ne ya cinye fuskar ƙanwata. Ban ce kowane mai ƙaramin shago haka yake yi ba, na san waɗanda ke tsayawa a kan tawadar asali su faɗi farashinsu ba kunya. Amma mai saye ba shi da hanyar sani sai ya tambaya, ya kuma nemi a nuna masa kwalbar.

Wannan firinta tana da wata matsala da ta shafi yanayinmu kai tsaye. Tawadar tana fita ne ta ramuka ƙanana ƙwarai, kuma a lokacin hunturu, bushewar iska da ƙura suna toshe wasu daga cikinsu, sai hoto ya fito da siraran layuka a kwance, waɗanda aka fi gani a sararin sama ko a bango mai launi ɗaya. Wanda ya karɓi hoto a cikin shago mai duhu ba zai lura ba sai ya isa gida. Ya kamata kuma a sani cewa manyan kamfanonin nan suna da injinan da suke kira na busasshen wanki, irin su SureLab na Epson da wasu sababbin Frontier, waɗanda a zahiri masu fesa tawada ne, amma da tawada da takarda na kamfani da aka tsara su tare. Aikinsu yana da kyau, kuma ba sa wahala da ƙarancin ciniki kamar injin sinadari, sai dai ganin sunan Fuji a jikin inji ba ya nufin lallai wankin sinadari ne.

Na uku shi ne injin ribon, wanda masu hoton taro ke ɗauka zuwa wurin ɗaurin aure ko bikin yaye ɗalibai, su ɗauki mutum su miƙa masa hotonsa kafin ya gama cin abinci. DNP na Japan da HiTi na Taiwan ne suka fi yawa a hannun masu sana'a, sai ƙaramin Selphy na Canon da masu hoton fasfo ke so. Ribon ɗin leda ce mai faifai huɗu a jere, rawaya, ja mai ratsin shunayya, shuɗi mai haske, da wani rufi marar launi, kuma zafi ne ke ɗaga launin daga ledar ya manna shi a takarda. Abin da nake so game da wannan inji shi ne, ba ya ba da ƙofar algus da yawa: takarda da ribon tare ake sayar da su a kwali ɗaya, an ƙidaya su daidai, don haka hoton farko da na ƙarshe iri ɗaya suke fitowa. Rufin nan na huɗu yana kare hoton daga ruwa da shatin yatsa. Iyakarsa ita ce girma, domin yawancin injinan ba sa wuce inci 6 a faɗi, manyansu inci 8, kuma hoton ba ya son a bar shi a mota cikin zafin bazara ko a cusa shi cikin jakar leda mai laushi na tsawon lokaci.

Na huɗu su ne masu buga fosta da fileks, waɗanda da yawa ke kai musu babban hoto saboda su ne ke iya fitar da abin da zai cika bango. Injinansu an yi su ne don tallan da za a kalla daga nesa. Idan hoton za a rataye shi ne a bayan kujerar amarya na yini ɗaya, ya wadatar. Idan kuwa hoton Baba ne da za a sa a falo, inda baƙo zai tsaya a gabansa, ɗige-ɗigen za su fito fili kuma fatar fuska za ta yi kaushi. Kusa da su akwai injinan garin tawada da ake kira DI a wajen masu ɗab'i, waɗanda da su ake buga yawancin albam masu kama da littafi masu sauƙin kuɗi. Suna da kyau ga kalanda da katin gayyata, amma albam mai daraja shi ne wanda aka wanke shafukansa a takardar hoto ta gaske aka manna a kwali mai kauri.

Duk wannan bayanin inji ne, amma akwai mutumin da ke zaune a gaban kwamfuta, kuma rabin ingancin yana hannunsa. Batun da ya fi damuna a nan shi ne launin fata. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa wuraren wanki wani kati da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, don a daidaita inji da shi, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Injinan yau sun wuce wannan, amma gyaran da suke yi da kansu har yanzu yana rikicewa da hotunanmu, musamman inda baƙin mutum ya sa farar shadda: ko dai injin ya bi shaddar fuska ta nutse cikin duhu, ko ya bi fuskar aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari. A kan wannan kuma sai a ƙara al'adar wasu masu aiki ta ƙara wa kowa haske ba tare da an tambaye su ba, saboda sun saba da abokan ciniki masu son haka. Wanda ke son a haska shi haƙƙinsa ne, amma ni ina ganin babban rashi ne jikoki su gaji hoton kakarsu da launin da ba nata ba. Mai kai hoto ya faɗa tun farko ko yana son a taɓa launi ko a bar shi yadda yake. A injinan sinadari ma akwai hanyar tabbatarwa: suna buga layin ƙananan haruffa da lambobi a bayan hoto, kuma inda aka ga jerin harafin N, alama ce cewa ba a ƙara ba a rage ba, inda aka ga lamba kuwa an yi gyara.

Adalci ne kuma a faɗi cewa wani laifin na mai kawo hoto ne. Ma'aunin da masu wanki ke bi shi ne fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksel 1200 da 1800, mai 5 da 7 yana son 1500 da 2100, mai 8 da 10 kuma 2400 da 3000. Wayar da ke da kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da kimanin 4000 da 3000, wanda ya isa a wanke har inci 10 da 13 ba tare da wata tawaya ba. Amma da zarar an tura hoton ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi zuwa kimanin fiksel 1600 a dogon gefe, kuma idan an yi ta tura shi daga waya zuwa waya, ko aka ɗauko shi daga Facebook, abin da ya rage bai wuce na ƙaramin hoto ba. Babu injin da zai dawo da abin da aka riga aka zubar. Tun 2023 WhatsApp ya ƙara zaɓin HD, wanda ya rage ɓarnar, amma hanya mafi aminci ita ce a tura hoton a matsayin fayil, ko a kai shi a filash. A nan ma ana gane wurin kirki: shi ne wanda zai duba ya ce, "Hajiya, wannan ba zai yi girman da kike so ba, a nemo ainihinsa wajen wanda ya ɗauka," maimakon ya karɓi kuɗi ya fitar da abin da ya fita.

Haka batun yanka. Hoton waya yawanci 4 ne bisa 3, na babbar kyamara 3 bisa 2, takardar 8 da 10 kuma 5 bisa 4 ce, don haka dole wani gefe ya tafi, kuma idan aka bar wa inji zaɓi, abin da ke tafiya shi ne saman ɗaurin ɗankwali, ko hular ango, ko mutumin da ke ƙarshen layi. Wurin da zai juyo da allon kwamfuta ya nuna wa mutum inda za a yanke kafin a wanke ya cancanci ƙarin da yake karɓa. Ya kamata kuma a tuna cewa waya tana haska hoto daga bayansa, takarda kuwa aron haske take yi daga ɗaki, saboda haka kusan kowane hoto yana ɗan fin duhu a takarda.

Game da farashi, abin da ya fi amfani shi ne a fahimci yadda yake ginuwa, domin lambobin kansu ba sa kwana wuri ɗaya. Takarda da tawada da ribon da sinadari duk daga waje ake shigo da su, don haka suna bin dala, injin kuma yana bin man janareta, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekarar, duka biyun sun yi tashin da kowa ya shaida. Idan mutum ya ga shagon da farashinsa bai motsa ba kamar na sauran, to ya san an rage wani abu a wani wuri, kuma galibi tawada ce ko takarda. A ƙananan hotuna masu yawa, abin da zai ba mutane mamaki shi ne wankin sinadari yakan fi sauƙi ko ya yi daidai da na firinta, saboda takardarsa a naɗe take zuwa kuma injin yana fitar da ɗaruruwa cikin awa guda, wuraren ma suna da farashin sari ga wanda ya kawo da yawa. Injin ribon kuɗin kowace takarda ƙayyadadde ne, ragin da mai shi zai iya yi kaɗan ne ko da an kawo dubu. Figment shi ne mafi tsada, kuma ba na ganin hikimar kai masa hotunan biki ɗari biyu. Wurinsa shi ne babban hoto ɗaya ko biyu da ake son su zauna a bango tsawon rai. A lokacin ciniki, a tambayi kuɗin gyara a kwamfuta, da na firam, da na gilashi, kowanne daban, domin wasu suna saukar da kuɗin wanki su mayar da shi a firam. A tambayi kuma abin da za a yi idan hoto ya fito da aibi. Wanda ya ce zai sake wankewa a kan kuɗinsa ya san injinsa.

Sauƙin samu shi ne inda ƙaramin shago yake cin nasara, kuma ba zan raina wannan ba. Wanda ke buƙatar hoton fasfo huɗu don takardar makaranta gobe da safe ba zai hau Adaidaita Sahu ya ratsa Kano don neman injin sinadari ba, kuma bai kamata ya yi ba. Injin ribon ko firintar unguwa sun ishe shi, muddin mai shagon ya san awo, domin bizar Amurka tana son inci 2 da 2, ta ƙasashen Turai masu yarjejeniyar Schengen kuma milimita 35 da 45. Wanda ke zaune a garin da babu babban wurin wanki yana iya tura fayil zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja, ko Legas inda unguwar Shomolu ta zama cibiyar masu ɗab'i, a aiko masa da aikin ta tashar mota. Wannan hanya tana aiki, amma mutum ya rasa damar gani kafin biya, kuma babban hoto mai gilashi ba ya son bayan mota, gara a aiko da shi a naɗe cikin kwali a yi masa firam a gida. Kamfanonin intanet na waje, irin su Shutterfly na Amurka da CEWE na Jamus, suna da tsari mai sauƙi, sai dai biyan kuɗin waje da jigila suna cinye sauƙin, sai ga wanda ke da ɗan'uwa a can da zai taho da albam ɗin a jakarsa.

Akwai wani abu da ba ya shiga lissafin kuɗi, amma a wurinmu yana iya fin duk sauran nauyi, wato amana. Hotunan kamu da na sa lalle hotunan mata ne a cikin gida, da yawansu ba mayafi, an ɗauke su ne don dangi. Idan aka kwafe su a kwamfutar shago, suna iya zama a can shekaru, duk yaron da ke aiki yana buɗewa, wani lokaci har a wayi gari a ga ɗaya a bango an kafa shi a matsayin samfuri. Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma kafin a kai ga doka, ido ya isa: idan bangon shago cike yake da amaren mutane, a tambayi mai shi ko da izininsu ya kafa. A nemi a goge hotunan a gaban mutum bayan an gama, har daga kwandon sharar kwamfutar. Kuma kada a taɓa miƙa memorin da babu kwafinsa a wani wuri, domin kwamfutar da filash ɗari ke shiga kullum ba ta rasa cutar da ke ɓoye fayiloli. A wannan fanni aika hotuna wani gari ga wanda ba a taɓa gani ba yana da nasa haɗarin, kuma shi ya sa hotunan cikin gida nake kai su da ƙafata.

Hanyar da na bi na zaɓi wurin da nake zuwa yanzu ba ta ci mini kuɗin kirki ba. Na ɗauki hoto ɗaya mai wuya, mahaifina sanye da farar babbar riga mai farin aiki, a zaune kusa da ƙofa mai duhu, na kai shi wurare uku na ce a wanke mini 5 da 7. Na jera su a tabarma a hasken hantsi, na duba ko ana ganin zaren aikin rigar, ko fuskar launinta ne, ko akwai layuka a bangon bayansa. Na jiƙa yatsa na goga kusurwar kowanne; ɗaya ya bar mini shuɗi a yatsa. Sannan na rufe rabin kowanne da kwali na jingina su a taga mai kallon yamma har wata guda. Da na ɗaga kwalin, na firintar unguwa ya rabu gida biyu a fili, na ribon da na sinadari kuwa da ƙyar ake ganin iyaka. Daga ranar na tsayar da tsarina: hotunan albam da duk abin da ya kai hamsin zuwa sama suna zuwa wurin sinadari mai cunkoso, na gaggawa suna zuwa injin ribon, babban hoton bango kuma ina tara masa kuɗi ya tafi figment.

Hoton bikin ƙanwata ma na sake wanke shi daga ainihin fayil ɗin, kuma wannan karon na zaɓi takarda marar sheƙi, domin mai sheƙi tana manne wa gilashi idan damina ta kankama, kuma ranar da aka zo cirewa fuskar hoton tana biyo gilashin. Na sa mai firam ya saka kwali mai taga a tsakani don takarda kada ta taɓa gilashin, na kuma hana shi manna masa leda da zafi, domin abin da aka manna ta wannan hanya ba ya ɓaruwa. Da na kai wa mahaifiyata, ta juya shi ta dubi bayansa, ta ce in rubuta sunan kowa da shekarar bikin da fensir, sannan ta nuna mini ƙusar da ke bangon da rana ba ta kaiwa.